Rokar gwaji: yadda ake haɗa ta da iyakar abin da za a iya sauya mata

Rokar gwaji ƴar ƙaramar roka ce ta kwali, roba da katako marar nauyi, wadda ake harbawa ta haura mita 100 zuwa 300, sannan ta sauko da laima a sake amfani da ita. Yawancinsu ba su wuce kamu ɗaya a tsawo ba. Ana sayar da ita a warwatse cikin kwali, mai saye ne zai yanka, ya manna, ya yi fenti. Abu guda ne kawai ba a bar masa ya ƙera da hannunsa ba, wato injin, kuma duk tarihin wannan wasa daga nan ya taso.

Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik ranar 4 ga Oktoban 1957, zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka. Suka riƙa ɗura sinadarai cikin bututun ƙarfe a bayan gida, wasu suka rasa yatsu ko idanu, wasu suka rasa rayukansu. Tun 1954 kuwa wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, ya ƙera ɗan injin albarushi mai jikin takarda da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Ya aika samfurinsa ga G. Harry Stine, wanda ya yi aikin kiyaye haɗari a filin gwajin makamai masu linzami na White Sands. A 1957 suka kafa ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka, NAR. Daga baya Vern Estes ya ƙera na'urar da ke fitar da inji ɗaya duk daƙiƙa biyar da rabi, ya kafa kamfanin Estes a 1958, wanda har yau kayansa ne suka fi yaɗuwa. Dabarar ke nan: masana'anta ta ɗauki aikin wuta, yaro ya ɗauki aikin hannu da lissafi.

Cikin kwalin akwai bututun kwali wanda shi ne gangar jiki, da hanci mai tsini, da allon katakon balsa da ake fitar da fikafikai uku ko huɗu, da mazaunin inji mai ƙugiya, da laimar leda, da igiyar roba da ke haɗa hancin da jiki. Akwai kuma wani ɗan bututu kamar tsinken shan lemo da ake mannawa a gefe, wanda sandar harbi ke ratsawa.

Ana fara haɗi da mazaunin inji, a manna shi a gindin bututu. Amma fikafikai ne ke raba gwani da ɗan koyo. Balsa na da jijiya kamar kowane itace, kuma dole jijiyar ta bi gefen fiffiken da ke fuskantar iska. Idan ta bi tsawon gangar jiki, fiffiken zai tsage tun saukar farko. Ana goge su da samfefa su zama daidai wa daida, a ja layi a jikin bututun, a manna ɗaya bayan ɗaya da gam na katako, ana jiran kowanne ya kama. Sannan a bi kusurwar da wani gam ɗin a shafe da yatsa. Fiffiken da ya karkace kaɗan kan sa roka ta riƙa juyawa kamar dunƙulen zare a mazari, wanda ya karkace da yawa kuma ya kai ta gonar maƙwabci.

A jikin kowane inji akwai rubutu irin C6-5. Harafin na nuna jimillar ƙarfinsa, kuma kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi: B ta ninka A, C ta ninka B. Lamba ta farko matsakaicin turawarsa ce a ma'aunin newton. Ta ƙarshe kuma yawan daƙiƙoƙin da zai jira bayan wuta ta ƙare kafin ya cillo hanci da laima. Wannan lambar ce ƴan koyo ke rainawa. In ta yi kaɗan, laima za ta buɗe roka na cikin gudu ta yage. In ta yi yawa, sai rokar ta juyo ƙasa da ka kafin ta buɗe. Tsakanin inji da laima ana cusa takarda ta musamman wadda ba ta kama wuta, ba auduga ko tsumma ba.

Wajen yi wa roka ado da sauye-sauye, mai ita na da ƴanci, amma da sharaɗi ɗaya. Kowace roka na da wuri biyu masu muhimmanci: inda nauyinta ya daidaita idan aka ɗora ta bisa yatsa, da inda ƙarfin iskar gefe ke taruwa, wanda fikafikai ke ja baya. Dole na farkon ya kasance gaba da na biyun da aƙalla faɗin bututun sau ɗaya. Maharba sun san wannan a aikace, domin nauyin ƙarfen da ke bakin kibiya ne ke sa ta tafi da kai gaba. Saboda haka duk wanda ya rage girman fikafikai don kyau, ko ya sa inji mafi nauyi, ko ya lafta fenti a gindi, ya taɓa ma'aunin. Gyaran ba shi da tsada: a cusa ɗan laka a cikin hanci, ko a ƙara wa bututun tsawo. Ana gwadawa da igiya, a ɗaura ta daidai wurin nauyi bayan an sa inji, a wulwula rokar sama da ka. In hancin ya shige gaba, ta yi. Lissafin wannan abu James Barrowman na hukumar NASA ne ya sauƙaƙa shi a shekarun 1960, yau kuma manhajar OpenRocket, wadda kyauta ce, tana yin sa a kwamfuta kafin a yanka ko da fiffike ɗaya.

Ƙa'idojin NAR sun hana sa ƙarfe a hanci, jiki ko fikafikai, sun kuma hana buɗe inji ko yi masa ƙari. Da batir da doguwar waya ake kunnawa, ba da ashana ba, mutane na nesa da aƙalla mita biyar. Idan bai tashi ba, a cire makulli a jira daƙiƙa 60 kafin a matsa kusa. Ba a harbi in iska ta wuce kilomita 32 a awa, ba a yi kusa da busasshiyar ciyawa, kuma rokar da ta maƙale a wayar lantarki an bar ta ke nan. A ƙasar da hunturu ke kaɗawa bisa karan gero da jinkar rumbuna, waɗannan sharuɗɗa sun fi ƙarfin a yi musu sako-sako. Kuma abin da ke tashi sama da albarushi ba a gwada shi sai da sanin hukuma.

Faransa ta bi irin wannan hanya. Tun 1962 aka hana matasa haɗa makamashin roka da kansu, aka ɗora wa hukumar sararin samaniyar ƙasar, CNES, kula da su. Ita da ƙungiyar Planète Sciences ke shirya taron C'Space kowace shekara, inda ɗalibai ke kawo rokokin da suka ƙera, hukumar ta ba da injin.

Injin albarushi na cikin kayan da dokokin sufuri ke ɗauka masu haɗari, don haka ba a aika shi kamar sauran saƙo, kuma samun sa na da wuya a wurare da yawa. Shi ya sa malaman kimiyya da dama ke farawa da rokar ruwa: gorar lemo ta roba, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakin, a hura iska da famfon keke har murfin ya ɓalle. Tana iya haura mita gommai, kuma ƙa'idar hanci mai nauyi da fikafikai a baya ita ce dai ke aiki. Gorar lemo mai gas ake nema, domin ita aka yi don ɗaukar matsi, ba a taɓa sa kwalba, kuma ba wanda ke leƙa ta daga sama yayin da ake hura iska.