Falke Barmu, maginin da ya shekara 20 yana gina masallacin Yama

Wanda ya tashi daga Maiyama ya bi ta Jega da Aliero, ya ratsa Tambuwal da Sakkwato har Illela, ya tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni, in ya kama hanyar Tawa ya shiga ƙasar Adar ke nan. Mutumin Aliero, garin albasa, ba zai ji baƙunta sosai ba, domin Galmi da albasarta ta yi suna a duniya tana cikin wannan jihar ta Tawa. Can kusa da Badagishiri akwai wani ƙauye da ake kira Yama, wanda takardun Turawa ke rubutawa Yaama. Babu abin da zai sa baƙo ya tsaya a garin sai abu ɗaya: masallacin Juma'a na ƙasa mai hasumiya huɗu, kowace da irin kamarta.

A 1962, shekara 2 da samun 'yancin kan Nijar, dattawan Yama suka yanke shawarar yi wa garinsu masallacin Juma'a. Ba su nemi ɗan kwangila ba. Suka ɗora aikin a kan magininsu na gida, Falke Barmu, wanda kamar sauran maginan karkara da damina yana gona, sai rani ya shiga laka. Aikin gayya aka yi. Wasu suka yi tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka yo itace, mai hali ya ba da abin da ya sawwaƙa. Abin da ya fito daga wannan zubin na farko bai da wani ado: ɗaki ne mai kusurwa huɗu, ginshiƙai a jere suna ɗauke da rufi shimfiɗaɗɗe, sai gurbin liman da ya ɗan turo waje ta alƙibla. Da a nan aka tsaya, da babu mai jin sunan Falke a bayan Adar.

Magini a ƙasar Hausa ba ya zana gini a takarda. Yana shata shi a ƙasa da ƙafa da igiya, sauran kuma yana cikin kansa. Yaro kan fara da kwaɓa, yana tattaka laka da ciyawa har ta nuna, daga nan a bar shi ya riƙa jefa wa maigidansa curi a kan bango, sai bayan shekaru a yarda ya ɗora tubali da hannunsa. Ilimin da ake tarawa ta wannan hanya ya kai ƙololuwa tun a shekarun 1830, lokacin da Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakunan da har yau masana gine-gine ke zuwa kallo. Ta arewa kuma ga hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, tana sirancewa tana hawa sama. Adar tana tsakanin waɗannan biyu, kuma wanda ya dubi Yama da kyau zai ga jinin kowannensu: bakan gizo a ciki, hasumiya mai tsukewa a waje.

Ginin ƙasa ba ya yarda a manta da shi. Kowace damina sai ta ɗauki rabonta, kowane rani sai an rama da yaɓe. A 1975 masallacin ya bukaci babban gyara, kuma a nan ne Falke ya nuna ko shi wane ne. Maimakon ya mayar da rufin yadda yake, sai ya sauke shi ya ɗaura bakuna. Yadda ake yi shi ne a dasa itace cikin ginshiƙi, a ɗaure wani a kansa yana ɗan sunkuyowa, a lulluɓe da laka a bari ta bushe, gobe a ƙara, har hannu biyu da suka taso daga ginshiƙai daban su haɗu a sama su riƙe juna. Gaggawa a wannan aiki ita ce rushewa. A tsakiyar ɗakin kuma ya ɗora tulluwa, sai wurin da dā yake danne kan mutum ya buɗe, idon mai salla ya sami inda zai hau.

Daga 1978 zuwa 1982 ya koma kan kusurwoyi. Injiniyan zamani zai zana hasumiya ɗaya ya ce a maimaita ta sau huɗu. Falke bai yi haka ba. Kowace ya ba ta tsayinta da rawaninta. Daga ƙasa suna tasowa da kauri da nutsuwa, da ɗamara-ɗamara a jiki, suna hawa suna sakin jiki, har can ƙoli inda laka ta koma kamar abin da aka murza da tafin hannu, ga ƙananan tagogi, ga zankwaye. A ganina wannan rashin daidaito shi ne gishirin ginin. Mutum ya gama ɗaya, ya zauna da ita damina guda yana kallo, sannan ya taso wa ta gaba da sabon tunani.

A 1986 aka ba masallacin lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine, wadda ake bayarwa duk bayan shekara 3, a wani biki da aka yi a Marrakesh ta Maroko. Ayyuka 6 ne suka ci a wannan zagayen, cikinsu har da gyaran masallacin Ƙudus da farfaɗo da tsohon garin Mostar. Shekara 3 kafin nan wani maginin laka, Lassina Minta, ya ci irinta da masallacin Niono na Mali. Mutanen da ba su taɓa riƙe takardar shaidar gini ba suka tsaya sahu ɗaya da manyan masu zanen gine-gine na duniya.

Mu a Kabi ba baƙin wannan sana'a ba ne. Ganuwar Surame da Sarkin Kabi Kanta ya gina a ƙarni na 16 tana nan kufai, tsohuwar fadar Argungu kuma ita ce gidan tarihi na Kanta tun 1958. Amma na taɓa tsayawa a wani ƙauye tsakanin Jega da Maiyama ina kallon samari suna sa diga a wani tsohon masallacin ƙasa, domin wani ɗan garin da Allah ya buɗa wa ya aiko da bulo da kwano. Azarar da aka zaro daga rufin ko gara ba ta taɓa ba. Wani tsoho ya sa aka kai masa biyu gida. Ba na ganin laifinsu gaba ɗaya: masu yaɓen sun tafi cin rani, gayya ta yi wuya, kuma ba wanda ke son rufi ya zubo wa jama'a cikin Agusta. Sai dai da azahar a watan Afrilu, limamin sabon masallacin a ƙarƙashin darbejiya yake jan salla.

A Dandaji, cikin jihar Tawa ɗin dai, an bi wata hanyar. Da jama'a suka yi wa tsohon masallacinsu na ƙasa yawa, Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tsara sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Tsohon kuma aka nemo maginan da suka san shi suka gyara, aka mayar da shi ɗakin karatu. An kammala a 2018, yanzu 'yan makaranta ne ke zama da littattafai a ƙarƙashin bakunan.