Daga Azara Zuwa Kwano: Tarihin Ginin Makarantunmu

Yanzu ana ta maganar gina jami'a wadda ɗakunanta za su yi sanyi ba tare da shan wutar lantarki ba. To, ilmin boko a ƙasar Hausa a irin wannan gini ya fara. Makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta ƙasa ce, kuma gidan da ya zauna yana nan tsaye a Kano. Haka nan Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922.

Hikimar maginan nan ta cancanci a tsaya a kanta. Sukan jera tubali su yi bango mai kauri, wanda kan sha zafin rana da yini, sai dare ya yi ya sake shi. Rufi kuwa da azara ake yi, daga giginya, don gara ba ta cika cin ta ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in ɗaki ya yi faɗi, sai su ɗaura bakan gizo ya tallafe ta. Sa'an nan a shafe bango da makuba, a yi wa soro laso da katsin marina saboda ruwa. Kusan duk kayan nan a kan jaki ake kawo su.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari ba da jimawa ba, kwano da siminti suka samu hanya. Fagge, tsohon zangon ayarin Sahara, ta bi sahu. Yau daga can har Rijiyar Lemo bulo da kwano ne suka mamaye, ɗakuna kamar tanderu da bazara. Kwalejin Abdullahi Bayero ma, da ta koma kusa da Kabuga a 1968, ginin siminti ta shiga.

Ba don wauta mutane suka sauya ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, ga kududdufan da haƙar ƙasa ta bar wa Kano. Amma gyara ya kamata a yi masa, ba saki ba. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da inji ya matse.