Kufan Ma'adinan Kuza: Me Ya Sa Za A Bar Su Tsaye?

A Kwanwal ta Ingila, gidajen injin da suka riƙa zuƙe ruwa daga ramukan kuza suna nan tsaye, har UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2006. Mu ma muna da irinsu: Elmeki a tsaunukan Ayar, da filayen Jos da Bukuru, inda kamfanin NESCO ya kafa tashar lantarki a Kurra domin ma'adinai, ƙaramin jirgin ƙasa kuma ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957. Ya kamata ɗaliban tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni su ɗauki waɗannan kufai a matsayin hujja, daidai da rubutattun takardu.

Wani zai ce ai tabon mulkin mallaka ne, a rushe a sayar da ƙarfen a huta. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, domin tsakanin 1942 da 1944 Turawa sun tara talakawan Arewa aikin tilas a ramukan Jos, da yawa kuma ba su koma gida ba. To amma wa rushewar za ta amfana? Littattafan kamfani sun fi damuwa da nauyin kuzar da aka fitar. Wahalar lebura kuwa sai a ramin da injin ake ganinta. Kuma sana'ar ba Bature ya kawo ta ba: mutanen Ririwai da Liruwen Dalma suna narka kuza tun kafin zuwansa, ga shi yau da ƙyar ake nuna wurin murhunsu, saboda babu wanda ya kula.