Gayya, Samariya da Asusu: Abin da ke Sa Shirin Tallafi Ya Ɗore a Karkara

Tallafa wa iyali a karkarar ƙasar Hausa bai fara da gwamnati ko ƙungiyoyin agaji ba. Tushensa gandu ne: uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, su noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, maigida ya ɗauki nauyin haraji da auren samarin gidan, kowane saurayi kuma yana da gayaunarsa da yake dubawa bayan an tashi daga aikin gandu. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, wanda aka buga a 1972, ya nuna cewa gandu ya fi ƙarfi a gidajen masu hali, na matalauta kuwa shi ne ke saurin watsewa. Ke nan gidan da ya fi buƙatar madogara shi ne ya fi rasa ta.

Wannan giɓi ne sauran al'adun ƙauye suke cikewa. Idan ciyawa ta fi ƙarfin manomi, ko ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar damina, sai ya kira gayya: samari su zo da fartanyu da garemani, makaɗi ya biyo su, mai gona ya ba da fura da tuwo, kafin azahar an share abin da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da shi. Mata suna da adashe da gudummawar biki, ana fitar da zakkar hatsi da kaka, samari kuma suna da sarkinsu wanda ke tara su domin gyaran hanya, yaɓen masallaci ko yashe rijiya. Duk waɗannan, abubuwa biyu ne suka haɗa su: dukiyar ta mutanen wurin ce, kuma wanda ya saɓa alkawari zai ci gaba da haɗuwa da waɗanda ya saɓa wa a bakin rijiya da wurin jana'iza. Kunya ita ce ɗan sandan tsarin.

Gwamnatoci sun gane ƙarfin wannan gado, amma yadda suka kama shi ne ya sha bamban. A Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ana tsakiyar fari, ya farfaɗo da samartaka da sunan Samariya, ya mai da ita ƙungiyar ƙasa daga unguwa har zuwa Yamai. Ba a musun abin da ta yi: azuzuwan makaranta, dashen itatuwa, tsaftar gari, wasannin gargajiya da kokowa. Sai dai sarkin samari ya koma amsar umarni daga sama maimakon daga tsaransa. Da Kountché ya rasu a 1987, aka kuma shiga siyasar jam'iyyu bayan taron ƙasa na 1991, Samariya ta sake jiki, domin an riga an ɗauke ta a matsayin kayan gwamnatin da ta shuɗe. Samari suka koma fada, wato majalisar shan shayi, wadda ba wanda ya kafa musu ita, kuma har yau tana nan.

A Nijeriya labarin ya fi gajarta. Hukumar raya karkara ta DFRRI ta 1986, shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, da shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994, kowanne ya tafi tare da gwamnatin da ta kawo shi. Shirin N-Power na 2016 ya biya matasa masu shaidar babbar makaranta naira 30,000 a wata, amma ta intanet ake cike takardarsa, saurayin da ke riƙe da garma a ƙauye kuwa ba shi da shaidar, balle hanyar nema.

Misalin da ya fi cancantar nazari ya fito ne daga jihar Maraɗi ta Nijar a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara. Ba a kawo wa matan jari ba. Abin da aka kawo shi ne gyara ga adashen da suka riga suka sani. A adashe, kowa na zubi, mutum ɗaya ya kwashe, wadda buƙata ta taso mata kafin kwasarta sai ta roƙi uwar adashe ko ta haƙura. A sabon tsarin, mata kamar ashirin zuwa talatin suna haɗuwa kowane mako a tsakar gidan ɗayarsu, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye akwatin ƙarfe a tsakiya. Makullan akwatin ba sa hannun mace ɗaya, don haka ba a buɗe shi sai a gaban kowa. A kira suna, kowace ta ajiye zubinta, a ƙirga da babbar murya, domin yawancinsu ba su yi karatun boko ba kuma kunnuwan jama'a su ne littafin ajiya. Daga abin da ya taru ake ba da rance na ɗan lokaci: wannan ta sayi gyaɗa ta matse mai ta soya ƙuli-ƙuli, waccan ta ɗaure ɗan rago har zuwa Layya. Akwai kuma wani ƙaramin asusu daban na rashin lafiya, haihuwa ko gobara. Idan shekara ta zagayo sai a fasa, kowace ta ɗauki nata da ribarsa.

Mai horar da matan yana janyewa bayan 'yan watanni, kuma nan ne hikimar take: ƙungiyar da ba ta taɓa cin kuɗin baƙo ba, tafiyar baƙo ba ta kashe ta. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka, wasu ƙungiyoyin kuma suka haɗa ƙarfi suka buɗe bankin hatsi, suna saye da kaka lokacin da tiya take da araha, su sayar wa 'yan'uwansu da rangwame a tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa.

Tsarin ba ya rasa rauni. Ƙarin da ake biya a kan rance yana tayar da maganar riba a wurin malamai, kuma batu ne da ba a rufe shi ba. Macen da ba ta da abin zubi ko kaɗan tana nan a waje, kamar yadda gidan matalauci ya tsaya a wajen gandu mai ƙarfi. Idan fari ya game yanki, kamar wanda ya jawo yunwar 2005, kowa mai neman rance ne, ba mai zubi, akwati kuwa ba ya haihuwa. A irin wannan hali dole sai da hannun hukuma.

Samari ne suka fi wuyar shiga irin wannan tsari, kuma dalilin yana cikin kalandar noma. Asusun mata ya dogara da haɗuwa kowane mako a wuri ɗaya, saurayi kuwa da an gama sussuka yake ɗaukar jaka ya tafi cin rani Kano, Legas, Abuja ko wuraren haƙar zinariya, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Shirin koyar da sana'a da aka sa da rani yakan tarar da ƙauye babu samari, wanda aka sa da damina kuma ya tarar da su a gona. Inda ake ganin suna zama shi ne inda akwai noman rani, kamar filayen Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, ko fadamun da ake ban-ruwa da ƙananan injuna, domin can tumatir da albasa da alkama suna ba saurayi abin da zai je nema a birni. Sai dai ko a can, fili yana hannun iyaye, kuma yawan magada yana ƙara yanyanka shi, ta yadda mafi yawan samarin da ke cikin fadama 'yan ƙwadago ne ko masu aron fili na shekara guda.