Zinare Huɗu a Rabat: Yadda Tseren Kwale-kwale Ya Shiga Wasannin Afirka

A ƙarshen watan Agusta na 2019, ana dab da rufe Wasannin Afirka a Maroko, wata yarinya 'yar shekara 17 mai suna Ayomide Bello ta ciyo wa Najeriya lambobin zinare huɗu a tseren kwale-kwale. Biyu ta ci ita kaɗai, a mita 200 da mita 500, biyu kuma tare da abokiyar tuƙinta Goodness Foloki. A ƙasar da hankalin jama'a ya karkata ga ƙwallon ƙafa, labarin bai daɗe a bakin mutane ba. Amma duk wanda ya san tarihin wasan ya san cewa waɗannan lambobi sun cancanci a tsaya a kansu, domin yadda aka same su ya bayyana abin da ke sa wata ƙasa ta hau dandamalin karɓar lamba, wata kuma ta tsaya kallo alhali tana da koguna da matuƙa.

Sai mu fara da jirgin kansa. Abin da muke haɗawa mu kira kwale-kwale iri biyu ne a wajen masu gasa. Akwai kayak, wanda asalinsa na mutanen Inuit ne mazauna ƙanƙarar arewacin duniya. Matuƙinsa a zaune yake, ƙafafu a miƙe, da filafili mai baki biyu, yana sara dama da hagu, yana kuma juya akalar jirgin da ƙafa. Akwai kuma kanu, wanda aka gada daga 'yan asalin Amurka ta Arewa. Shi wannan durƙusawa ake yi a kan gwiwa ɗaya, filafilin bakinsa ɗaya, kuma a gefe guda ake tuƙi tun daga farko har ƙarshe, saboda haka miƙar da jirgin aiki ne na wuyan hannu. Shi ya sa ake ganin haruffan K da C a jerin sakamako, lambar da ke biye kuwa yawan matuƙa take nunawa. Turawa ne suka mayar da abin wasa. Wani lauya ɗan Birtaniya, John MacGregor, ya zaga kogunan Turai da ƙaramin jirginsa a 1865, shekara guda bayan haka ya kafa kulob a Landan. An kafa hukumar wasan ta duniya a Kopenhagen a 1924, ya kuma shiga gasar Olamfik sosai a Balin a 1936.

Gasannin nahiyoyi sun biyo baya a hankali. Na nahiyar Amurka sun fara ba da lambobin kwale-kwale a Winnipeg a 1967, na Asiya a Beijin a 1990. Afirka ce ta makara. An fara Wasannin Afirka a Barazabil a 1965, an yi su a Legas a 1973, an yi a Abuja a 2003, duk ba tare da wannan tsere ba. Sai a 2011, a wasannin Maputo na ƙasar Mozambik, aka shigar da shi, aka yi gasar a tafkin da ke Chidenguele a lardin Gaza. Shekara 46 ke nan bayan farawa.

Wannan makara tana da ban mamaki idan aka tuna cewa jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa tonowa a Afirka a Dufuna aka same shi, cikin jihar Yobe ta yau. Wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, masana kuma suka ƙiyasta shekarunsa kusan 8,000. Tsawonsa ya haura mita 8. Har yau ana tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu da Rigata ta Yawuri, kuma yaron Sarkawa ko Gungawa ya kan iya riƙe filafili kafin ya iya karatu. Sai dai iya tuƙi daban, gasa daban. Jirgin gasa na mutum ɗaya tsawonsa mita 5.2 ne, na kayak nauyinsa kilo 12 kacal, siriri ne ƙwarai har wanda bai saba ba ba zai minti guda a ciki bai kife ba. Da kuɗin waje ake sayo shi. Ana buƙatar ruwa kwantacce, miƙaƙƙen layi mai alamomi, agogo, alƙalai, da kulob da zai riƙe yaro shekara da shekaru. Gwanin Argungu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma babu wanda ya je nemansa.

Shi ya sa sakamakon Maputo bai ba kowa mamaki ba. Afirka ta Kudu ce ta mamaye tseren kayak. Ƙasar tana da kulob-kulob da suka daɗe, tana kuma da gasar Dusi, doguwar tafiya ta kusan kilomita 120 a kogi daga Pietermaritzburg zuwa Durban, wadda aka fara tun 1951. Gaskiya ne cewa a zamanin wariyar launin fata wasan na fararen fata ne kusan zalla, kuma ƙasar ba ta shiga Wasannin Afirka ba sai a 1995 a Harare. Amma ta shigo da kayan aikinta a hannu. Fitacciyar matuƙiyarta a wancan lokaci, Bridgitte Hartley, ta tafi Landan a 2012 ta ci tagulla a kayak na mita 500 a Olamfik, abin da ya nuna cewa zakaran Afirka na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da na Hangari da Jamus, in dai an yi masa tanadi irin nasu.

A ɓangaren kanu labarin ya sha bamban, kuma nan ne ya fi daɗin bibiya. Ƙasashen da ke magana da harshen Fotugal suka fito: Mozambik, Angola, da Sao Tome da Principe, tsibiran da mutanensu ba su kai na ƙaramar hukuma guda mai yawan jama'a a Kano ba. Buly Triste na Sao Tome ya wakilci ƙasarsa a Olamfik ta Rio da ta Tokyo, haka ma Joaquim Lobo na Mozambik. Ƙaramar ƙasa ba za ta iya tara 'yan wasa goma sha ɗaya da za su ja da Masar a ƙwallo ba, amma za ta iya renon matuƙa biyu ko uku, ta ga tutarta ta tashi.

A wasannin Barazabil na 2015 ba a yi tseren ba, domin mai masaukin baƙi na da ta cewa a kan wasannin da za a saka. Da aka dawo da shi a Rabat, wani abu ya riga ya canza a duniya. Mata sun fara tseren kayak a Olamfik tun 1948, amma kanu an bar wa maza shi kaɗai har tsawon shekara sama da 80. Sai a gasar Tokyo, wadda annobar korona ta tura zuwa 2021, aka buɗe musu ƙofa. Ma'anar wannan ita ce a 2019 babu ƙasar Afirka da ta riga wata nisa a kanu na mata. Kulob ɗin Afirka ta Kudu ba su da tsofaffin gwanaye a wannan fanni, Masar da Tunisiya ma haka. Kowa daga layi ɗaya ya tashi. A ganina wannan ne sirrin zinaren Najeriya huɗu. Ba rage wa Bello da Foloki daraja nake yi ba, domin durƙuso a gwiwa ɗaya ana sarar ruwa mita 500 ba aikin rago ba ne. Abin da nake nufi shi ne, a karon farko da aka yi gasar da tsohon jari bai yi tasiri a cikinta ba, 'yan matan da suka fito daga ƙasar koguna ne suka yi gaba.

Lambar nahiya kuma tana da wani amfani bayan ado. Hukumar wasan ta duniya kan ware wa kowace nahiya gurabe a Olamfik, kuma gasar Rabat ce aka yi amfani da ita wajen raba na Afirka. Da nasararta ta mita 200 Bello ta samu kujerar Tokyo, ta zama mace ta farko da ta wakilci Najeriya a wasan kwale-kwale a Olamfik. Kafin ita Jonathan Akinyemi ne ya fara, a Landan a 2012, a nau'in da ake ratsa ƙofofi cikin ruwa mai ambaliya, kuma shi a Ingila ya tashi, a can ya koyi sana'ar. Haka Benjamin Boukpeti, wanda tagullarsa ta Beijin a 2008 ita ce lambar Olamfik ta farko ga Togo: a Faransa aka haife shi, a can ya yi horo. Bello kuwa a ruwan gida ta koya.

A Tokyo ba ta kai zagayen ƙarshe ba. Ba'amurkiya Nevin Harrison ce ta ci zinaren mita 200, 'yan Sin kuma suka ɗauki na mutum biyu. Ƙasashen da ke da kuɗi sun riga sun zuba jari a sabon fannin, tazarar da ba ta bayyana a Rabat ba ta fito fili a can. A watan Nuwamba na 2023 aka kawo gasar share fagen Afirka tafkin Jabi da ke Abuja, Bello ta sake samun gurbi, wannan karon tare da Beauty Otuedo, suka tafi Paris a 2024 a tseren mutum biyu na mita 500.