Tsutsar Haƙori da Sakiyar Wanzami a Ƙasar Dutse

Kafin zuwan asibiti ƙasar Dutse, wanda haƙorinsa ya ruɓe har kunci ya kumbura wurare uku yake nufa: gidan wanzami, shimfiɗar magori a kasuwa, ko wurin wata tsohuwa da ta san saiwa da sassaƙe. Kusan dukkansu sun yarda cewa wata 'yar tsutsa ce ke shiga haƙori tana ɓarzarsa, zugin da ke hana barci kuwa motsinta ne. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan fahimta ba. Mutanen Babila sun rubuta ta a allunan yumɓu, Turawa ma sun daɗe a kanta, sai a ƙarni na 18 masana irin su Pierre Fauchard na Faransa, wanda ya wallafa littafinsa a 1728, suka yi watsi da ita.

Maganin farko na cikin gida ne. A cusa kanumfari a ramin haƙori, a kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri ko kanwa. Kanumfari dai ba camfi ba ne: mansa yana dusashe zafi, har yau likitocin haƙori na amfani da shi. Magori shi kuma yakan turara bakin da hayaƙi, ya nuna wasu fararen abubuwa a cikin ruwa ya ce ga tsutsar ta faɗo.

Idan abin ya nuna, sai wanzami, wanda ya gaji askarsa da zabirarsa, yake kuma ƙarƙashin Sarkin Aska. Yakan yi sakiya, ya huda kumburin mugunya ta fita, wani lokaci a fizge haƙorin da ke girgiɗi. A nan magabata sun dace, domin ƙurjin haƙori ba ya warkewa muddin mugunya na ciki. Aibin aikin shi ne ƙarfe ɗaya kan shiga baki da yawa, kuma gutsuren saiwar haƙori kan karye ya saura a dasashi, ciwo ya dawo.

Binciken zamani bai ga tsutsa ba. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar zaƙi a baki suna fitar da tsami mai huda haƙori. In ramin ya kai ga jijiya sai ta mutu, mugunya ta taru a gindin saiwa. Karyewar haƙori da ciwon dasashi ma kan buɗe wannan ƙofa.

Bayan Dutse ta zama hedikwatar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, gari ya faɗaɗa, unguwanni irin su Yalwawa suka cika, aikin haƙori ya koma asibiti, kamar na Rashid Shekoni. Can ana kashe zafi da allura, a zubar da mugunya, sannan a wanke cikin saiwar a toshe ko a cire haƙorin.

Sai dai kemis ya gaji magori. Mutum kan sayi kafso ya sha, kumburi ya saɓe, ya ɗauka ya warke, alhali tushen ciwon na nan. Kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya hau ido, da zazzaɓi ko wahalar haɗiya, yana iya toshe numfashi ya yi kisa. Mai irin wannan a kai shi asibiti a ranar, kada a bari ya kwana.