Idan mai aiki ya fita, wa ke da aikin da ya bari?

A 1961, Fernando Corbató da abokan aikinsa a MIT suka gwada tsarin CTSS, inda mutane da dama ke amfani da kwamfuta guda. Tilas na'urar ta san wanda ya shigo da lokacin fitarsa. Unix ta gaji wannan tsari, amma ta bar kafa: da umarnin nohup, daga baya kuma screen da tmux, mutum kan fita ya bar aikinsa na gudana.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta zo da sababbin tambayoyi. Me zai faru idan an rufe murfi, ko an danna maɓallin wuta? A Linux, systemd-logind da ya bayyana a 2011 ya tattara amsoshin cikin fayil ɗin logind.conf: rufe murfi ya sa na'ura barci, maɓalli ya kashe ta, sai dai idan mai kula ya sauya.

A Mayun 2016, sigar systemd ta 230 ta kunna saitin KillUserProcesses, wanda ke kashe duk aikin mutum da zarar ya fita. Hujjar masu shi ita ce tsaro da tsaftace na'ura. Sai dai wanda ya bar lissafin kwana uku cikin tmux zai dawo ya tarar babu komai. Ƙorafi ya yi yawa, Debian kuma ta mayar da tsohon saiti. Har yau zaɓin na nan a layi guda, hukuncinsa a hannun mai kula da na'urar.